Matakala Arba'in da Biyu

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya mahaifiyarki da ciwon bayanta? Ki ce mata ɗan'uwanta yana gaishe ta, ko da yake ita ba ta tunawa da mutum sai an yi rasuwa.

Na san kina juya ambulan ɗin nan kina cewa wane ne kuma wannan. Kawunki ne, Mai Ƙarfe. Ni da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne. Rabona da ke tun kina 'yar shekara tara, ranar da na ɗaga ki sama da hannu ɗaya kika tsorata kika cije ni a kunne. Kunnen nan yanzu ya yi nauyi, ba na ji a waya, shi ya sa na rubuto takarda. Ban ce laifinki ba ne.

An ce min kina karatun fisiyo, masu koya wa majinyata motsa jiki. To ga damuwata. Wata biyu ke nan da aka yi min aiki a gwiwar dama. Da aka sallamo ni, ƙarti huɗu ne suka hau da ni bene a kan kujera kamar firji, ni da na yi shekara ashirin ina ɗaga ƙarfe a gaban jama'a. Tun ranar ban taka ƙasa ba. A cikin ɗaki ina tafiya, har sandar na jingine. Amma da na tsaya a bakin matakala na miƙa ƙafa zan sauka, sai gwiwar ta lanƙwashe kamar ba tawa ba.

Babban ɗana, Injiniya, ya ba ni wata uku. Ya ce ranar da suka cika zai zo da mota. In na sauka matakalar nan arba'in da biyu da ƙafata, ba wanda ya riƙe ni, zai ƙyale ni. In na kasa, in tattara in koma gidansa, ɗakin ƙasa kusa da gareji. Shekara talatin da ɗaya ina gidan nan. Nan matata marigayiya ta zauna, tukwanen shukarta suna nan a baranda ina ba su ruwa. Ba inda za ni.

Ki gaya min abin da zan yi, a taƙaice. Na haɗo miki takardar asibiti. Maƙwabcina Direba yana bi ta garinku da motar kaya duk mako, ki ba shi amsa.

Kawunki

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na yi murna ƙwarai. Lafiyata ƙalau, Mama ma da sauƙi. Ta ce in gaya maka kai ma ai sai da gwiwa ta kama ka ka tuna kana da dangi. Batun kunne kuwa, a yafe min.

Na nuna wa malamarmu takardar asibitin. Ta ce aikin ya yi kyau, likita ya yarda ka taka ƙafar sosai. Abin da ya rage tsokar cinya ce, ta gaba, wadda ta kwanta wata biyu ta saki.

Kawu, tsoka iri uku take aiki. Akwai aikin riƙo: tana ɗaurewa amma ba abin da ya motsa, kamar ka tsaya riƙe da bokiti. Akwai aikin ɗagawa: tana tsukewa ta gajarta, kamar ka tashi daga kujera ko ka hau bene. Sai aikin saukewa: tana miƙewa a hankali alhali tana riƙe da nauyi, kamar birkin mota a gangara. Da wannan na ukun ake sauka matakala. Ƙarfin da ka saba da shi ba shi ne wannan aikin yake nema ba.

Ga abin da za ka yi. Mako biyu na farko, ka kwanta, ka naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ka riƙe kana ƙirga goma, sau goma, safe da yamma. Daga mako na uku, ka samu kujera mai hannu, ka tashi tsaye, sannan ka zauna kana ƙirga biyar kafin ka taɓa ta. Sau takwas, ka huta, ka sake takwas. Yau ka yi, gobe ka huta, domin a ranar hutu ne tsoka take ginuwa. Duk mako ka ƙara biyu, ba fiye ba. Matakala kuma kada ka kusance ta tukuna.

Don Allah, Kawu, yadda na rubuta ɗin nan.

'Yarka

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, lafiya lau nake, in ban da takaici.

Na karanta takardarki sau uku, musamman inda kika ce ba ni da ƙarfi. Ni! Ki tambayi uwarki, ta taɓa gani na ɗaga bayan mota aka canja taya. Amma ba komai, yaran yanzu ke nan.

Na yi tawul ɗinki kwana huɗu. Tela na hawa na ƙasa, wanda yake yo min cefane, ya shigo ya same ni kwance ina danna tawul ina ƙirga, ya ce in yi wasiyya kafin ya tafi. Ranar na bari. Wannan ba motsa jiki ba ne, kwanciya ce.

Na koma kujera. Takwas kika ce, to takwas ai ko jikata za ta yi. Ɗari nake yi kullum, hamsin da safe, hamsin da yamma, ba fashi. Mu a zamaninmu wanda ya huta kwana ɗaya malalaci ake ce masa. Har kujerar ta gaji kafin ni, shekaranjiya ƙafarta ta baya ta karye, yanzu ta marigayiya nake amfani da ita. Na kuma fara hawa saman rufi, matakala goma sha huɗu, da galan ɗin ruwa a kowane hannu. Ina hawa kamar saurayi. Saukowa ce dai sai a zaune, ina jan jiki, kuma na roƙi Allah kada wani ya gan ni.

Jiya na ce yanzu kam cinya ta yi tauri, bari in gwada sauka matakala a tsaye. Ɗaya, biyu, a ta uku gwiwa ta tafi. Da ban damƙi ƙarfen gefe ba, da yanzu wani labarin kike ji. Yo ina amfanin abin? Na ninka abin da kika ce sau goma, amma ba abin da ya canja. Anya kuwa karatun nan naku? Ko ki tambayi wani babba namiji a makarantar.

Wata guda ya tafi. Ki amsa da wuri.

Kawunki

*

'Yata,

Gaisuwa. Lafiya kam babu.

Mako uku shiru. Duk sanda na ji ƙarar babbar mota sai in leƙa ta baranda, ba Direba, ba takarda. In kin yi fushi ne don na ce a tambayi namiji, ai sai ki faɗa, ba ki bar tsoho a sama kamar tsumma ba.

Gwiwa ta kumbura bayan na aiko miki da waccan takardar, ta yi suntum, har wando ba ya wucewa. Kwana goma sha biyu ina kwance. Da na tashi, cinyar da na sha wahala na gina ta zube, kujera ma ashirin da ƙyar. Kwana goma sha biyu kacal fa! Abin da mutum ya tara da gumi ya tafi haka kawai?

Injiniya ya zo ranar Asabar, ya tsaya yana auna kabad ɗina da tef. A gabana, ko kunya babu. Ya ce yana duba ko zai shiga ƙofar ɗakin can ne. Na ce ya auna uwarsa, sai na tuna wace ce uwar tasa, na yi shiru.

In ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, kuma yau sai ka yi haƙuri da bakina.

Ban yi shiru ba. Ranar da na karanta takardarka ta biyu, ranar na amsa. Motar Direba ce ta lalace a hanya, amsata ta yi mako uku a aljihun mota tare da sifana. Jiya ya dawo min da ita duk baƙin mai, ranar kuma sabuwar takardarka ta iso ta gidan waya. Abin da na rubuta a ciki shi ne ka tsaya kafin gwiwar ta kumbura. Da na karanta ta kumbura ɗin, zama na yi a bakin gado na yi kuka don haushi.

Na farko, ban ce ba ka da ƙarfi ba. Ka koma ka duba. Na biyu, malamarmu mace ce, kuma ta tayar da mutanen da suka fi ka taurin kai. Na uku, ba ka ninka abin da na ce ba, rabinsa ka yi sau ɗari.

Kujerar ce ta tona maka asiri. Na yi ta tunani, me zai karya ƙafar kujera ta baya in mutum yana zama a hankali? Sai na tambayi Mama yadda kuke yi a wajen gasa. Ta ce in kun ɗaga ƙarfen sama aka tafa, sai ku sake shi ya faɗi tim, ƙasa ta girgiza. Ashe! Shekara ashirin kana ɗagawa, ba ka taɓa saukewa ba. Haka kake yi da kujera: ka miƙe da ƙarfi, ka faɗa mata jagwab. Na rantse ba ka ƙirga biyar ɗin nan ba ko sau ɗaya. Ka hau rufi da galan, ka sauko a zaune, wato kullum injin kake gyarawa, motar kuma birki ne babu. Jiki abin da aka koya masa shi yake iyawa, Kawu. Wanda yake son sauka, sauka zai koya.

Zubewar cinyar ma haka abin yake, abin da aka daina aiki da shi yana tafiya. Amma yana dawowa da sauri fiye da farko, kada ka karaya.

Saura mako biyar. In kumburin bai sauka ba, ko gwiwar tana zafi kamar wuta, ko kana zazzaɓi, ka sa a kira likita, ko da ƙarti huɗun ne za su dawo. In ya sauka, ga aiki. Ka manta da galan, ka manta da rufi. Kujera: ka tashi da taimakon hannu ma in ka so, ba ruwana da tashin, zaman nake so, ƙirga biyar, sau shida, sau biyu. Bayan mako guda ka samu katako mai kaurin yatsa huɗu, ka tsaya a kai da ƙafar da aka yi wa aiki, hannu a bango, ka sauke ɗaya dunduniyar a hankali ta taɓa ƙasa. Sannan ka juya ƙafa, ita ma ta lafiyar ta yi sanyi. Kwana ɗaya aiki, kwana ɗaya hutu. Cinya za ta yi tsami washegari ko jibi, wannan ba komai. Suka a cikin gwiwa ita ce alamar a tsaya.

In ka sake ƙara ko ɗaya bisa abin da na rubuta, wallahi ni da kaina zan rubuta wa Yaya Injiniya in ce ya zo da motar.

'Yarka

*

'Yata,

Na gaishe ki. Kumburi ya sauka. Bakin naki kuwa na uwarki ne sak.

Na koma na duba takardar farko. To, ba haka kika ce ba. Shi ke nan, a bar maganar.

Na yi zamanki na ƙirga biyar. Ranar farko a uku na faɗa. Tirƙashi! Ni da nake yin ɗari, shida ta sa ni gumi, cinya tana rawa kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Washegari ba komai, na ce ƙarya ne. Jibi na tashi zan shiga banɗaki na ji kamar an yi min dukan ɓarawo. Da ba ki faɗa tun farko ba, da na ce kin nakasa ni.

Ranar hutun ce ta fi ci min rai. In zauna ina kallon kujera, tana kallona, kwanaki suna tafiya. Tela ya kawo min katakon, yanzu ina sauke dunduniya sau takwas ba tare da na faɗa ba. Katako mai kaurin yatsa huɗu! Matakala kuwa tsayinta kusan taƙin hannu guda ne, kuma arba'in da biyu ne. Na yi lissafi, bai fita ba.

Kin ce ban taɓa sauke komai ba. Marigayiya ma haka take cewa. In ajiye kofi sai ya fashe, in rufe ƙofa sai maƙwabta sun leƙo. Amma sau ɗaya na sauke. Safiyar da jikinta ya rikice, ba wanda zai taimaka, na ɗauke ta a hannu na sauka da ita matakalar nan. Ba ta fi buhun auduga nauyi ba a lokacin. Tana cewa, "A hankali, Mai Ƙarfe, ba gasa ba ce." Na kwantar da ita a kujerar mota ko motsi ba ta ji ba. Ba ta sake hawowa ba. Wannan ce matakalar da ake so a sauko da ni a kan kujera kamar firji.

Saura mako uku. Ki rubuta wa Injiniya ki ce likitanci ya nuna sai an ƙara wata guda. Ke zai yarda.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Mama ta karanta takardarka ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Na rubuta wa Yaya, amma ban yi ƙarya ba. Na ce kana samun sauƙi, ƙarin wata guda zai taimaka. Ya amsa min ta waya, ya ce a'a. Ya ce ya san ka, in aka ƙara wata za ka nemi shekara, kuma shi kullum da fargaba yake kwana kada a kira shi a ce an tsince ka a ƙasan bene. Na ji haushinsa, amma na gane tsoro ne.

To mu yi da abin da ya rage. Makon nan ka ƙara katako na biyu. Mako mai zuwa ka fara matakalar gaske, Tela yana tsaye a gabanka: uku, sannan biyar, sannan bakwai. Hannu a kan ƙarfe, ƙafar da aka yi wa aiki ita ce gaba, ɗayar ta same ta a kan matakala ɗaya. Kwana biyu kafin ranar kada ka yi komai, komai fa.

Ban sani ba ko za ka kai, Kawu, ba zan yaudare ka ba. Abu ɗaya nake roƙo: in cinya ta fara rawa, ka tsaya. Na fi son kawu a ɗaki kusa da gareji da babu kawu.

'Yarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da uwarki. Lafiyata ƙalau, sai tsamin cinya, wanda yanzu na san sunansa.

Injiniya ya zo ranar Asabar da hantsi, da mota, da kwalaye goma sha biyu a naɗe a baya. Na gan su ta baranda. Kwana biyun da kika ce in huta na huta, amma Allah ya sani kamar a kan ƙaya na yi su. Mafi yawan da na taɓa sauka kafin ranar shi ne goma sha huɗu.

Na sa takalmi, na kama ƙarfe. Shi yana gabana yana tafiya da baya, hannuwa a buɗe kamar mai jiran a jefo masa kaya. Tela yana can ƙasa da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba. Sha huɗun farko lafiya. A sha huɗu na biyu na fara jin cinya tana magana. Da na taka ta ashirin da takwas, inda matakala take juyawa, sai rawar ta zo, irin wadda kika faɗa.

Wallahi, 'yata, zuciyata cewa ta yi in rufe ido in ƙarasa da ƙarfi, saura sha huɗu kacal. Haka na yi duk rayuwata. Na tsaya ina kallon ƙasa. Sai na juya na zauna a kan matakalar, ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya har biyar, ban faɗa ba.

Injiniya ya miƙo hannu ya ce, "Shi ke nan, Baba, ka yi ƙoƙari, bari in kama ka."

Na ce, "Kada ka taɓa ni. Hutawa nake yi."

Ya ce, "Kai? Hutawa?"

Na ce, "An ce kada a riƙe ni. Wa ya ce kada in zauna?"

Ya tsaya yana kallona kamar an canja masa uba. Sai shi ma ya zauna a matakalar ƙasa da ni. Mun yi kusan minti biyar a zaune. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar da ka sauko da Mama, a nan ka tsaya ka gyara mata ɗankwali. Ina bayanka da jakarta." Ni na manta yana wurin. Shekara shida ina zaton ni kaɗai na san abin da ke kan matakalar nan.

Na tashi na ƙarasa. Ba kyau a gani, ɗaya bayan ɗaya, ina nishi, amma ba wanda ya riƙe ni. Da na taka ƙasa Tela ya fara tafi da almakashin, na ce ya rufa min asiri. Wata biyar rabona da bakin titi, har wani shagon gyaran waya aka buɗe ban sani ba.

Injiniya bai ce na ci ba. Ya dai buɗe bayan mota, ya sauke kwalayen ya ba Tela ya ce ya zuba ƙyallaye. Sannan ya ce sharaɗi ɗaya: duk sanda zan sauka in zauna a ta ashirin da takwas. Na ce ba shi zai koya min ba, ina da likita.

Hawa kam kin san ba matsala. Ya biyo ni sama, ya ɗauki butar ya ba shukar uwarsa ruwa, ya cika musu har ya zuba a ƙasa, na ƙyale shi.

Yanzu sai ki rubuto abin da ke gaba, don na gane in na tsaya zai zube. Kada ki ba Direba, ki sa a gidan waya, ni zan sauka in karɓo. In kin samu hutu kuma ki zo. Ba zan iya ɗaga ki da hannu ɗaya ba yanzu, amma akwai kujerar marigayiya, ƙafafunta huɗu suna nan lafiya.

Kawunki